Hoton Na Wane Ne? Abin Da Dokar Haƙƙin Mallaka Ta Tanadar Wa Masu Hoto Da Abokan Cinikinsu A Zariya

Ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin dokar da gwamnatin soja ta kafa a 1988. An yi ta sharhi a kanta a Legas da Abuja, galibi ta fuskar mawaƙa da 'yan fim. Amma akwai wani rukuni da dokar ta shafa kai-tsaye, wanda ba a cika jin muryarsa ba, wato masu ɗaukar hoto, da masu tsara zane a kwamfuta, da masu buga fasta da kalanda, da kuma jama'ar da ke ciniki da su kullum.

A Tudun Wadar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Agoro har Kongo, wannan sana'a tana riƙe da gidaje masu yawa. Unguwar tana tare da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da wasu manyan makarantu, saboda haka ba a rasa ɗaliban da ke son hoton shiga makaranta ko na kammala karatu. Ga bukukuwan aure da suna da saukar Alƙur'ani, ga hawan Sallah na Masarautar Zazzau, ga kuma kakar siyasa da ke cika bango da fastoci. Duk wannan ciniki yana gudana ne a kan wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: wanda ya biya kuɗi shi ke da kaya. Idan buhun masara ne ko turmin atamfa, ƙa'idar daidai take. A kan hoto kuwa doka ta faɗi wani abu dabam, kuma rashin sanin wannan bambanci yana jawo wa mai hoto asara, yana kuma iya jefa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati cikin shari'ar da bai taɓa zato ba.

Wanda ya ɗauka shi ke da haƙƙi

Dokar ta sanya hoto cikin ayyukan fasaha da take karewa, tare da zane da sassaƙa da taswira. Ta kuma fayyace cewa mai aikin, idan hoto ake magana, shi ne wanda ya ɗauke shi. Sashe na 28 ya ce haƙƙin mallaka yana farawa ne a hannun mai aikin, sai fa in an yi wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka. Ba a buƙatar rajista ko hatimi kafin haƙƙin ya tabbata. Da zarar hoton ya shiga kyamara, kariyar doka ta hau kansa, kuma tana ɗorewa shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Hoton hawan Daushe da aka wallafa a 2010 yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2060. Littafi da waƙa da zane sun fi haka tsawon wa'adi, domin nasu yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai su.

Ma'anar wannan ita ce mallakar takardar hoto dabam, mallakar haƙƙin da ke cikin hoton dabam. Wanda ya biya aka wanke masa hoto, ko aka tura masa a waya, ya mallaki wannan kwafi. Ikon buga shi da yawa, ko sayar da shi, ko sanya shi a talla, yana nan a hannun wanda ya ɗauka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan fahimta a 2021, tun a ƙarƙashin tsohuwar doka, a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star TV Network. Wata mata ce ta kai ƙara saboda an sanya hotonta a allunan talla, kotu kuma ta ce haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda fuskarsa ta fito a ciki ba.

Wannan ƙa'ida tana da wani ɓangare da ya kamata masu shagunan hoto su yi wa karatun ta-natsu. A al'adar sana'ar, maigida ne ke da kyamara da shago da suna, yaran shago kuma su ake turawa wurin biki. A idon doka, yaron da ya ɗauki hoton shi ne mai aikin, matuƙar babu yarjejeniya tsakaninsa da maigidansa da ta mayar da haƙƙin ga shago. Ranar da yaro ya samu 'yanci ya buɗe nasa wurin, zai iya cewa hotunan da ya ɗauka a shekarun koyo nasa ne, kuma maigidan da bai rubuta komai ba zai sha wahalar musanta shi.

Ma'aikatan gwamnati kuwa hukuncinsu dabam ne. Abin da mutum ya samar a bakin aikinsa na gwamnati, ko a ƙarƙashin kwangilar da ma'aikata ko hukuma ta ba shi, haƙƙinsa na gwamnati ne, sai in an rubuta akasin haka. Jami'in watsa labarai na ƙaramar hukuma ba shi da ikon sayar da hotunan da ya ɗauka a taron ofis. Haka nan mai hoto mai zaman kansa da ya karɓi kwangilar ɗaukar bikin wata ma'aikata, ya sani cewa in bai gindaya sharaɗi a rubuce ba, ya rabu da hotunan ke nan. A ɗaya gefen kuma, ofishin da ya tsinci hoton fadar Zazzau a intanet ya buga shi a kalandar shekara ba tare da izini ba, kasancewarsa na gwamnati bai wanke shi ba.

Amarya ma tana da nata

Kada mai hoto ya ɗauka cewa doka ta sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama. Sashe na 28 ɗin dai ya zo da wani sabon tanadi da ya dace da rayuwarmu ƙwarai. Idan mutum ya sa aka ɗauki hoto, ko aka zana surarsa, ko aka ɗauki bidiyo domin amfanin kansa da iyalinsa, to yana da izinin amfani da aikin ta kowace hanyar da ba ta kasuwanci ba. Sannan yana da ikon hana a wallafa shi, ko a baje shi, ko a watsa shi ga jama'a.

Kowa ya san yadda ake tallar sana'ar hoto a yau. Mai hoto yakan zaɓi hotunan amarya mafi kyau daga wurin kamu ko dina ya ɗora a Instagram ko TikTok domin jawo sababbin masu ciniki, wani kuma ya wanke babba ya kafe a ƙofar shago. Sau da yawa ba a tambayi amarya ba, balle ango ko iyayenta. A garin da ake ɗaukar mutuncin iyali da muhimmanci kamar Zariya, irin wannan yakan haddasa ɓacin rai tsakanin dangi, wani lokaci har ya taɓa zaman auren da bai daɗe da ɗauruwa ba. A da, abin da iyali ke iya yi bai wuce roƙo ko faɗa ba. Yanzu suna da madogara a doka. Ƙari a kan haka, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, wadda ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, kuma fuska tana cikin irin wannan bayani.

Ke nan hoton biki guda ɗaya yana ɗauke da haƙƙi biyu. Mai hoto ba zai yi talla da shi ba sai da yardar masu biki. Masu biki ba za su ba telan da ya ɗinka kayan amarya, ko mai kwalliya, ko mai sayar da leshi, su yi tallar kasuwancinsu da shi ba sai da yardar mai hoto. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ke buƙata, shi ya sa maganar ta fi kyau a gama ta tun ranar da ake ciniki.

Ambaton suna ba izini ba ne

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu shafukan labarai da masu tsara fasta shi ne zaton cewa duk abin da aka gani a Facebook ko WhatsApp ya zama na kowa, ko kuma rubuta sunan mai hoto a ƙasa ya wadatar. Ambaton suna haƙƙi ne mai zaman kansa. Doka ta ba mai aiki ikon a danganta aikinsa gare shi, da ikon ƙin amincewa da duk sauyin da zai zubar masa da mutunci. Amma cika wannan haƙƙi bai ɗauke wajibcin neman izini ba.

Gaskiya ne doka ta yi sassauci a wasu wurare, kamar nazari na ƙashin kai, da binciken da ba na neman kuɗi ba, da sharhi, da ba da rahoton al'amuran yau da kullum, bisa sharaɗin a yi adalci kuma a ambaci mai aikin. Kotu takan duba manufar amfanin, da yawan abin da aka ɗauka, da illar da hakan zai yi wa kasuwar mai aikin. Shari'ar Peter Obe ta nuna iyakar wannan sassauci. Obe, wanda ya yi suna a jaridar Daily Times, ya ɗauki hotunan yaƙin basasar Najeriya ya tattara su a littafi. Kamfanin Grapevine Communications ya buga hotonsa a mujallarsa ba da izininsa ba, ya kare kansa da cewa al'amari ne na tarihi da ya shafi jama'a. Babbar Kotun Tarayya ta ƙi karɓar wannan hanzari, ta ba Obe gaskiya.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. Alberto Korda, ɗan ƙasar Kuba da ya ɗauki shahararren hoton Che Guevara a 1960, ya yi shekaru yana kallon ana buga hoton a riguna da tutoci bai ce uffan ba. Da aka sanya shi a tallar barasa, sai ya shigar da ƙara a Landan a 2000, aka sasanta a kan Dala 50,000, ya bayar da kuɗin ga harkar lafiya a ƙasarsa. Shirun mai hoto na shekara 40 bai kashe haƙƙinsa ba. A Amurka kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Mayun 2023 cewa gidauniyar mai zane Andy Warhol ba ta da kariya a kan lasisin da ta bayar na wani zane da aka gina a kan hoton mawaƙi Prince, wanda Lynn Goldsmith ta ɗauka a 1981. Darasin ga mai tsara zane a Tudun Wada a fili yake: sauya launin hoton wani, ko yanke bayansa a ɗora tambarin jam'iyya, bai mayar da shi naka ba.

Masu injin buga takardu su ma ba su tsira ba. Doka ta wajabta wa madaba'u da masu wallafa su riƙa ajiye rajistar ayyukan da suka buga. Hukuncin laifi kuma ya ƙaru sosai. A tsohuwar doka, tarar buga kwafin sata domin sayarwa ba ta wuce Naira 1,000 a kan kowane kwafi ba. A sabuwar, mafi ƙarancinta Naira 10,000 ce a kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyun. Wanda ya buga kalanda 500 da hoton da ba shi da izininsa, sai ya yi lissafi da kansa.

Abin da ya samu Kannywood

Wanda ke ganin wannan duk zancen lauyoyi ne, ya dubi abin da ya faru da kasuwar fina-finan Hausa. Shekaru da dama faifan bidiyo ne jarin furodusa, kuma daga Kano ake rarraba shi zuwa Zariya da Katsina da Sakkwato har Maraɗi da Damagaram. Da wayoyin zamani suka yawaita, sai shagunan tura fina-finai suka maye gurbin masu sayar da faifai. Fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi ya koma abin da ake turawa a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, kuma a mafi yawan lokuta ko kwabo ba ya komawa ga mai shi. Kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim da yawa suka koma yin shiri mai dogon zango a YouTube, inda aƙalla akwai tsarin biyan mai aiki da na sauke abin da aka sata.

Sabuwar dokar ta yi la'akari da wannan zamani. Ta ba mai haƙƙi damar aika sanarwa a rubuce ga kamfanin da ke ɗauke da shafi domin a sauke aikinsa da aka ɗora ba izini, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ikon toshe shafukan da ke satar fasaha. Ta haramta goge bayanan da ke nuna mai aiki, wanda ya haɗa da sunan da mai hoto ke sanyawa a jikin hotonsa. Facebook da Instagram da YouTube duk suna da fom na kai irin wannan ƙorafi, kuma ba a biyan komai. Ga mai hoton da ba shi da kuɗin lauya, wannan ita ce hanya mafi kusa.

Akwai masu ganin cewa haƙƙin mallakar fasaha baƙon abu ne da Turawa suka kawo, kuma ilimi da fasaha ba a yi musu shinge. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun tattauna batun. A taronta na Kuwait a Disambar 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Ɗan kasuwar da ba zai yarda ya ci kuɗin awon da aka tauye ba, bai kamata ya ga sauƙin cin gumin mai hoto ba.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce nisan da ke tsakanin doka da mai ƙaramin shago. Shari'ar haƙƙin mallaka ba ta zuwa kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci da ke kusa. Kundin Tsarin Mulki ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, wadda mazaunin Zariya zai je Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80, kafin ya same ta. Mai hoton da aka ci masa aikin Naira 30,000 ba zai ɗauki lauya ya yi ta zirga-zirga shekara da shekaru ba. Masu keta haƙƙi sun san haka, shi ya sa ba sa jin tsoro.

Saboda haka amfanin dokar ga yawancin mutane ba a zauren kotu zai bayyana ba. Zai bayyana ne a kan teburin ciniki, domin kusan kowane tanadi nata yana ɗauke da sharaɗin cewa yarjejeniya tana iya sauya shi. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Izini na gama-gari ne kawai ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala, kuma a nan ne gardama ke tsirowa, domin kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi. Ɗan takarar da ya biya kuɗin hoto ɗaya ya buga fasta 20,000 da shi zai ce ai an san don haka ya ɗauka. Mai hoto zai ce kuɗin zama ɗaya aka biya shi. Layi uku a bayan rasit sun isa su kashe wannan gardama: me aka yarda mai ciniki ya yi da hoton, shin mai hoto zai iya tallata aikinsa da shi, kuma nawa ne ƙarin kuɗi idan za a yi kasuwanci da shi.

Akwai wasu matakan da ba sa cin kuɗi. Sanya suna a jikin hoto yana da amfani a shari'a, domin doka tana ɗaukar wanda sunansa ke kan aiki a matsayin mai shi har sai an kawo hujjar da ta rushe haka, kuma yana toshe bakin mai cewa bai san hoton yana da mai shi ba. Ajiye ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, mai ɗauke da rana da lokaci, hujja ce mai ƙarfi. Ayyuka masu daraja, kamar tarin hotunan hawan Sallah ko na tsofaffin gine-ginen birnin Zazzau, sun cancanci a yi musu rajista a shafin intanet na hukumar NCC. Rajistar ba tilas ba ce, amma tana sauƙaƙa tabbatar da mallaka ranar da aka shiga jayayya.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya. Idan masu hoto da masu buga takardu na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru suka amince da takardar yarjejeniya iri ɗaya, cikin Hausa mai sauƙi, babu wanda zai ji tsoron cewa mai ciniki zai gudu shagon maƙwabci saboda an nemi ya sa hannu. Tsangayar Koyon Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Kongo, kuma tsara irin wannan takarda aiki ne da malamai da ɗalibanta za su iya yi cikin mako guda. Shugabannin kasuwa da ke sasanta rikicin bashi da na haya za su iya sasanta na hoto, in an fahimtar da su abin da doka ta ce.

Nauyi mafi girma yana kan hukumar NCC. Dokar da aka rubuta da Turancin lauyoyi ba za ta yi aiki a unguwar da ake ciniki da Hausa ba. Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da kamfanin wallafa na NNPC a 1966, kuma daga nan littattafan Abubakar Imam suka shiga makarantun Arewa. Garin da ya yi wannan hidima ga rubutun Hausa ba zai rasa waɗanda za su fassara sassan dokar da suka shafi masu sana'a ba, a karanta su a rediyo, a raba su a shaguna. Kafin hakan ta samu, mai hoto da mai ciniki suna da abin da ya rage a hannunsu, wato su rubuta abin da suka yarda da shi kafin a ɗaga kyamara, kowa ya riƙe kwafinsa.